Gaurakan Otal Kurki

Hazo ya kwana a kan Tampere, irin wanda ke tasowa daga kogin tsakiyar gari idan sanyi ya kai maƙura. Da hantsi ya fara yayewa daga sama, dogayen bututun tsofaffin masaƙu suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya kamar ana zana su. A lokacin ne Lempi mai burodi ta leƙo daga shagonta, ta ɗaga kai kamar yadda ta saba, sai ta ƙwalla ƙara. Gaurakan tagulla da ke tsaye a ƙololuwar Otal Kurki tun kafin a haifi uwarta, babu shi. Sandarsa kawai ta rage, tsirara.

Kafin Sufeto Ensio Magga ya iso, layin ya cika. Ensio mutumin can ƙuryar Arewa ne, ya tashi yana bin sawun barewar kiwo a cikin dusar ƙanƙara, kuma har bayan ya shiga aikin ɗan sanda bai daina tafiya kai a sunkuye ba. Duk abin da ya bar sawu, shi ake kira.

"Sufeto, kada ka wahalar da kanka," in ji Lempi, hannunta duk gari. "Veikko ne, mai sharar otal ɗin. Wanda ya taɓa yaye rufin tagulla ya sayar, ka ba shi tsani ka ce ya share maka rufi?"

"Ko kuma ɗan gidan," wani direban tasi ya ce. "Tarmo ya daɗe yana so ya ga bayan ginin nan."

"Ku yi mini a hankali," Ensio ya ce. "Kunnuwana biyu ne kacal, ɗaya ma sanyi ya cinye."

Ba tsuntsun kaɗai ke damunsu ba, ya sani. A makon nan 'yan majalisar birni za su zo su duba ko Kurki ya isa a sa shi cikin gine-ginen tarihi, kuma gaurakan ne babbar hujjarsa. Idan aka ƙi, za a sayar, a rushe, a tayar da wata hasumiyar gilashi irin wadda ta tsiro a yamma da shi. Ita waccan hasumiya komai nata a babbar mota yake zuwa daga nesa. Kurki kuwa a layin nan yake sayen burodi da furanni da kifi, baƙinsa ne ke shiga tasi, su ne ke aski a kusurwa. Idan fitilunsa suka mutu, na layin ma za su bi su.

Shugabar masu gyaran ɗakuna ce ta raka shi sama, wata gajeriyar mace mai furfura, Orvokki, da tarin makullai a ƙugunta. Ta buɗe masa ƙofar rufi ta koma gefe.

"Wa ke da makullin nan?"

"Ni, da Uwargida, da Tarmo, da Veikko. Ka kula, akwai santsi."

A saman babu ƙarar komai. Hazon ya tsaya a ƙasa kamar madara a ƙwarya, rufuna suna iyo a kai. Ensio ya tsuguna. Sawu ɗaya ne, ya je ya dawo, na babban but mai haƙora a ƙasa. Amma takun gajere ne, diddige na nutsewa, bakin takalmin kuwa da ƙyar yake taɓa dusar, kamar babu yatsu a ciki. A gefen sawun dawowa akwai shimfiɗaɗɗen layi mai sulɓi, inda aka ja abu a kan ƙyalle. Ya bi har gindin sandar. Ba a yanke ƙarfe ba, ba a fasa komai ba. An kwance notuna an jera su a kan dutsen gefe, manya a gaba, ƙanana a baya.

Ya daɗe yana kallon notunan nan. Daga nesa ya ji ƙararrawar wani coci tana fitowa daga cikin hazo, ba a ganin inda take.

*

Uwargida Hilkka, mai otal ɗin, tana zaune a falon shan shayi ƙarƙashin fitilar da kakanta ya rataya. Ta tsufa, amma bayanta bai taɓa jingina da kujera ba. Ɗanta Tarmo na kai da kawo a bayanta.

"Na riga na sallami Veikko," Tarmo ya ce. "Ya kwashe kayansa kafin duhu."

"A wannan sanyin?" Ensio ya tambaya.

"Sawun but ɗinsa ne a rufin ko ba nasa ba ne?"

"Nasa ne."

"To, me ya rage?"

"Ƙafar da ke ciki."

Hilkka ta ajiye kofinta. "Sufeto, tambayi ɗana inda ya ci abincin rana jiya. Ni kunya ba za ta bar ni in faɗa ba."

"Mama!"

"A hasumiya. Da mutanen da ke auna gidan ubana da ido kamar naman kasuwa."

"Rabin ɗakunanmu a rufe suke, Mama. Masu zuwa manyan taro ba sa son gadon da kakansu ya kwana a kai. Garin na bukatar gadaje, ba tsuntsu ba."

"Ka ji ko?" ta ce da Ensio. "Ba tsuntsu ba."

Ensio ya dubi ƙafafun Tarmo, dogaye kamar na shamuwa.

Ɗakin Veikko yana can ƙasa kusa da tukunyar ɗumama gida. Kafin ya shiga, Ensio ya tsaya a lungun da ake ajiye shebur da igiya. Ga but ɗin nan a jere, baki ya dubi bango. Fatar a jiƙe take. A cikin kowane ɗaya an cusa jarida, ba a dunƙule haka kawai ba, an murɗe ta kamar gammo, an bar ɗan jela a waje don a ja. Ya taɓa, takardar ta sha ruwa.

Veikko ƙato ne, yana zaune a bakin gado da jaka a buɗe, bai sa komai a ciki ba.

"Ka zo da ankwar ko in miƙo hannu haka?"

"Yaushe rabonka da rufi?"

"Tun farkon mako. Ban ƙara sa but ɗin nan ba, amma wa zai yarda? Na yi sata sau ɗaya, na yi zamana, na fito. A layin nan kuwa kullum jiya na fito." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wallahi da ni ne, da zarto zan sa. Wa ke da lokacin kwance noti?"

Aka ƙwanƙwasa. Orvokki ce da kwanon miyar kifi yana tururi. Ta ajiye a kan akwati ba tare da ta dubi kowa ba.

"Ci, ɗana. Ba a tafiya da yunwa."

"Ke kaɗai ce mutum a gidan nan, Inna," Veikko ya ce.

Ta fita da sauri, makullanta na kaɗawa. Ensio ya hau sama ya ce wa Tarmo ba inda Veikko zai je sai bincike ya ƙare, don haka a bar masa ɗakinsa.

*

Da la'asar, lokacin da hasken hunturu ke komawa shuɗi, ya hau hasumiyar gilashi har hawa na ƙarshe, inda ake shan kofi ana kallon gari. Ya tambayi wata mai kawo abinci ko ta san Tarmo.

"Mai zama ya juya wa taga baya? Kowa ya san shi. Jiya baƙinsa suka ce ya zo ya nuna musu rufin otal ɗinsu daga nan, ya taso, yana kaiwa kusa da gilashi fuskarsa ta yi fari fat. Sai da na kawo masa ruwa. Mutumin da ko kujera ba zai hau ya canza ƙwan fitila ba!"

Ensio ya ɗauki kofinsa ya tsaya a jikin gilashin. Manyan tafkuna biyu sun daskare, farare, garin na kwance a tsakaninsu yana kunna fitilu. Daga nan Kurki ƙaramin abu ne, kamar akwatin kayan ado da aka manta a tsakanin kabad. Ya tuna ranar da ya fara sauka a tashar jirgin garin nan yana saurayi, bai san kowa ba, aka ce masa ya bi tsuntsun kawai zai kai tsakiyar gari. Ya zagaya ɗaya gefen. Can yamma ga tudun Pispala, gidajen katako ja da rawaya sun maƙale a jikinsa, tagoginsu duk suna kallon gari. Ya dubi tudun, ya waiwaya wajen Kurki, sai ya lura shi kansa yana tsaye ne daidai tsakaninsu. Duk wanda ke kan tudun can, idan ya nemi gauraka, bangon gilashin nan zai gani.

Bai san abin da zai yi da wannan tunani ba tukuna. Ya shanye kofinsa ya sauka.

*

Washegari dusa ta zuba mai laushi. Ya shiga Kurki ta ƙofar baya, takalmansa sharkaf.

"Ba a kan dardumata ba!" Orvokki ta ce. "Tuɓe, ga silifa."

Ya zauna a ɗakin zannuwa, inda ƙamshin guga ya cika ko'ina. A bango akwai hoton wani mutum cikin doguwar kwat mai maɓallan zinariya, yana riƙe da ƙofar mota.

"Wane ne wannan sarkin?"

Fuskarta ta saki. "Mijina ne, Sulo. Shi ne mai tsaron ƙofar nan tun yana da gashi baƙi. Babu baƙon da ya manta sunansa. Yanzu kuwa nawa ma sai ya yi ta lalube."

"A ina kuke?"

"Pispala, can sama. Da, yana zama a taga ya ga tsuntsun, ya ce to ga wurin aiki can, ga gida nan, hankalinsa ya kwanta. Tun da aka gama ginin gilashin can, sai ya tashi ya ce an sace garin. Ya fita nema da rigar barci. An tsinto mini shi a bakin tafki, ƙafarsa ta kusa lalacewa." Ta miƙa hannu ta jawo tsohuwar jarida. "Likita ya ce in kai shi gidan tsofaffi. Na ce sai dai a kai mu tare."

"Jiya fa, ya samu barci?"

"Jiya kam kamar jariri. Rabon da..." Ta tsaya.

Hannuwanta ba su tsaya ba. Sun yagi jaridar, sun murɗe ta kamar gammo, sun cusa a cikin takalmin Ensio, sun bar ɗan jela a waje. Sai da ta jera takalman, baki ya dubi bango, sannan ta ɗago ta ga inda idonsa yake.

Injin wanki na ta juyawa a ɗaya ɗakin.

"Zan tara kowa a falo da rana," Ensio ya ce a hankali. "Na fi so ki riga ni magana."

*

Suka taru a ƙarƙashin tsohuwar fitilar: Hilkka a kujerarta, Tarmo a tsaye, Veikko a bakin ƙofa da hula a hannu, Orvokki kusa da taga. Lempi ma ta shigo da faranti cike da burodin kirfa, wai kawowa ta yi, ta kuma samu wuri ta zauna.

"Mutum ɗaya ne ya hau rufin," Ensio ya fara, "da duhun asuba, cikin hazo. Tarmo na da dalili, amma ko an ɗaura masa igiya ba zai kai gindin sandar nan ba."

"Wa ya gaya maka?" Tarmo ya ce, kunnensa ya yi ja.

"Tun yana yaro haka yake," in ji Hilkka. "Ci gaba."

"But ɗin na Veikko ne, amma ƙafar da ta sa shi ba ta kai rabinsa ba. Ɓarawon tagulla yankewa yake, ba ya jera notuna, ba ya shimfiɗa wa kayan sata zanin gado don kada su kuje. Kuma ban taɓa ganin ɓarawon da ya ari takalmi, ya dawo da shi, ya tsaya ya cusa masa jarida don kada mai shi ya sa ƙafa a danshi ba."

Ya jira. Dusa na sauka a bayan taga, a hankali, kamar ba ta son isa ƙasa.

"Ni ce," Orvokki ta ce.

Burodin da ke hannun Lempi ya faɗi a cinyarta.

"Ba shi da nauyi, Uwargida, ciki fanko ne, bai kai damin zannuwan hawa ɗaya ba. Na sauko da shi a keken wanki, na sa a motata. Yana kan rufin ɗakin wankan tururinmu, daidai tagar Sulo. Takalmina ba ya kama ƙanƙara, shi ya sa na ɗauki na Veikko. Ban yi tunanin sawu ba. Ban yi tunanin komai ba, sai dai mutumin nan ya yi barci."

"'Yan majalisa fa?" Hilkka ta tambaya. "Layin nan gaba ɗaya fa?"

"Na ce zan dawo da shi kafin su zo. Da na ga ya yi barci kuma, sai na ji ba zan iya ba."

Veikko ya tako tsakiyar falon. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Jiya da kika kawo mini miya, kin sani."

"Na sani."

"Kin ji ana ce mini ɓarawo a kan titi. Kin ga jakata a buɗe."

"Na gani, ɗana."

"Kada ki ƙara ce mini ɗanki."

Tarmo ya ce a rubuta, a kai kotu. Ensio ya ce wannan sai mai kaya ta kai ƙara. Duk suka juya ga Hilkka. Ta daɗe tana kallon matar da suka tsufa tare a gida ɗaya.

"Da kin tambaye ni, Orvokki."

"Da kin ba ni?"

"A'a," Hilkka ta ce. "Ba zan kai ki kotu ba. Ajiye makullan a kan tebur. Tsuntsun kuma yau zai dawo. Tarmo, ba wa Veikko haƙuri a gaban mutane, yadda ka kore shi a gaban mutane. Ke ma Lempi, ba burodi a bakinki, buɗe shi ki ba shi haƙuri."

*

A motar otal suka hau tudun, Veikko na tuƙi, Ensio a gefensa, Orvokki a baya. Gidan ƙarami ne, ja, matakalarsa ta katako ta gangara cikin dusa. A bayansa, a kan rufin ɗakin wanka, ga gauraka tsaye da ƙafa ɗaya, fuka-fuki a buɗe, dusa ta kwanta masa a wuya. Bayansa kuma tafki fari, har iyakar gani.

Sulo na zaune a taga, sanye da tsohuwar kwat ɗinsa a kan rigar barci. Da ya ga baƙi ya miƙe da ƙyar, ya taɓa goshi.

"Barka da sauka, Yallaɓai. Kayanka nawa? A kai ka ɗaki mai kallon kogi?"

"Ba ni da kaya yau, Baba," Ensio ya ce. "Wucewa nake."

"Kowa haka yake faɗa."

A waje Veikko ya kafa tsani. Orvokki ta tsaya a bayan kujerar mijinta, ta riƙe kafaɗunsa da hannu biyu, tana jiran ihun da ta sani. Ensio ma ya shirya. Sulo ya matso da fuskarsa jikin gilashi, ya ga an kwance igiya, ya ga tsuntsun ya karkata ya kwanta a kafaɗar Veikko.

"A hankali da wuyan," ya ce, kamar Veikko na jinsa. Sai ya juyo ga matarsa. "Ai ya makara ma. 'Yan'uwansa sun tafi kudu tun kaka. Bar shi ya je, yarinya, sanyi ya yi masa yawa a nan."

Orvokki ta toshe bakinta, ta fita waje ba mayafi.

Kafin 'yan majalisa su zo gauraka ya koma kan sandarsa, kuma sun bar Kurki a tsaye, ko da yake rabin ɗakunansa har yau a rufe suke, Tarmo kuma bai daina cin abinci a hasumiya ba. Amma a yammacin nan babu wanda ya san haka. Abin da ke akwai kawai shi ne Veikko yana naɗe tsuntsun da bargo a bayan mota, Ensio na riƙe masa igiya, Orvokki na tsaye cikin dusa da silifa.

"Yau ya yarda," ta ce, ba ta san wa take gaya wa ba. "Gobe zai tashi ya manta ya yarda. Zai duba taga, ya ga babu komai."

Veikko ya ja igiyar ya ƙulle, ya sake ƙullewa. Bai dube ta ba.

"Da hantsi nakan gama shara. Ki sa masa safa biyu da hula, zan zo in ɗauke shi. Lempi na da kujera a bakin tagarta, daga nan ana ganin tsuntsun sarai. Bayan abin da ta faɗa a kaina, ba ta isa ta hana ba."

"Veikko..."

"Ba don ke ba," ya ce, ya rufe bayan motar. "Ranar da na fito daga kurkuku na zo neman aiki, na nufi ƙofar baya. Sulo ne ya kira ni, ya buɗe mini ta gaba, ya ce mini Yallaɓai."